Ranar Wanke Lagireto

Kawuna ba ya tayar da mota sai ya ga ruwa da idonsa. Da an idar da sallar asuba, tun gari bai gama wayewa ba, zai fito ƙofar gida da tocila da tsumma, ya ɗaga bonet, ya murɗe murfin lagireto, ya leƙa. In ruwa ya kai wuya, sai ya mayar da murfi ya koma kan baƙin mai. In kuwa ya ja baya ko da faɗin yatsa ne, sai ya ɗaga murya: "Kai yaro, kawo buta." Ni ne mai buta tun ina aji uku a firamare, kuma a bakin wannan ramin na fara gane cewa inji ma yana jin ƙishirwa.

Motar Peugeot 504 ce, wadda kowa ke kira Fijo, doguwar nan mai layin kujeru uku, fara, haɗin Kaduna. Tun 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kakuri, kuma kafin a yi shekara goma ta cika tashoshin Arewa, daga Sakkwato har Maiduguri. Kawu yana jigila ne tsakanin Kano da Jos, ta Zariya da Pambeguwa da Saminaka. Mutum takwas ko tara a ciki, buhuna a baya, wani lokaci har da kaya a sama. Injin da bai cika lita biyu ba shi ke jan wannan nauyi yana hawa tudu, rana na dukan bonet. Abin da ya raba shi da ƙonewa kuwa ruwa ne da bai wuce lita takwas ba, wato ko rabin jarka bai kai ba.

Sau ɗaya a shekara, idan hunturu ya fara ja da baya, iskar bazara ta soma kaɗawa, Kawu yakan ajiye aiki na yini guda. Ranar ba lodi. Yakan ce ranar wankin ciki ce, don wankin jiki kullum ana yi a bakin tasha. Tun da hantsi muke isa garejin da ke bayan tasha, ƙarƙashin wasu manyan bishiyoyin darbejiya, wurin wani dattijo da ba na jin akwai direban da ya san sunansa na yanka. Baba mai lagireto, haka kowa ke ce masa. Ba ya taɓa giya, ba ya taɓa birki. Lagireto kawai, shekara da shekaru.

Abu na farko da ake yi shi ne zama. Baba ba ya kusantar motar da ta shigo da zafinta. Zai ce a ɗaga bonet a bar ta ta huce, a kawo shayi, a gaisa, a tambayi iyali da hanya. Sai ya ɗora bayan hannunsa a kan tiyon sama ya ji ya yi sanyi, ya matsa ya ji ya yi laushi, sannan ya ce bismillah. Direbobi masu gaggawa sukan yi ta ƙorafi, shi kuwa ko kallonsu ba ya yi. A hannunsa na dama, daga wuyan hannu zuwa gwiwa, akwai wani farin tabo mai sheƙi. Duk yaron da aka kawo koyon aiki, wannan tabon ake fara nuna masa kafin a ba shi sifana.

Na taɓa ganin irin abin da ya jawo tabon. A wata tafiya da Kawu ya ɗauke ni lokacin hutun makaranta, mun tarar da wata babbar mota ta tsaya a gefen hanya bayan Saminaka, tururi na fita ta gabanta. Yaron motar, wanda bai fi shekara goma sha bakwai ba, ya hau da tsumma ya murɗe murfin don ya burge maigidansa. Ruwan ya yi tsiri sama kamar an harba shi, ya sauko masa a kafaɗa da ƙirji. Har yau ina jin ƙarar da ya yi. Kawu ne ya sauke fasinja biyu, ya sa shi a gaba muka kai shi asibiti. Daga baya na fahimci dalili. Ruwan da ke kulle a ƙarƙashin matsi yana iya wuce zafin tafasa bai tafasa ba. Da zarar an saki murfi, matsin ya tafi, sai ya tafasa gaba ɗaya a lokaci guda, ya nemi hanyar fita, hanyar kuwa ita ce fuskar wanda ya buɗe.

Idan mota ta huce, sai a cire murfi, yaro ya kwanta a ƙasa ya kwance ɗan famfon da ke gindin lagireto. In famfon ya ƙi, don sau da yawa tsatsa ta riga ta cinye shi, sai a sassauta kilif a zare tiyon ƙasa, ruwa ya ɓalle. Launin wannan ruwan shi ne labarin shekarar. Wani lokaci kamar shayi ba madara, wani lokaci ja jawur kamar ruwan kududdufi bayan an yi ruwan farko. Baba yakan tara tafin hannu ya murza tsakanin yatsunsa. In ya ji tsaki-tsaki, tsatsa ce daga cikin inji. In ya ga maiƙo yana yawo a sama, ko wani abu mai kama da kindirmo a ƙarƙashin murfi, sai fuskarsa ta canza, ya kira direba gefe, don wannan maganar gasket ce, wanki ba zai raba ta ba.

A nan ne ake gane gwani. Yawancin yara da ruwa ya daina zuba daga lagireto sai su ce an gama. Baba kuwa sai ya sa a kwance wani noti da ke gefen jikin injin, can ƙasa inda hannu ke shiga da ƙyar. Wani lokaci a cire notin ruwa ya ƙi fitowa, sai an tsokana da waya, sannan laka ta ɓullo, ruwa ya biyo bayanta. Yakan ce wa yaransa, "Rabin ruwan na cikin inji. Ka wanke kwano ka bar tukunya, me ka wanke?"

Sai a kira mai ruwa ya turo kura. A mayar da noti da tiyo, a cika, a tayar da mota ta yi zafi, a kashe, a jira, a zubar. A sake. Sau uku, sau huɗu, har sai abin da ke fita ya yi kama da abin da aka zuba. A zagaye na farko wasu kan sa garin sabulun wanki. Baba ba ya so, ya ce kumfarsa ba ta ƙarewa, sai dai in mai ne ya shiga ruwa. Kanwa kuwa ya hana ta a garejinsa, kuma yana da gaskiya, domin kan injin 504 na alminiyam ne, kanwa kuma cin alminiyam take yi. In akwai famfo mai ƙarfi, sai a cire tiyo biyun a tura ruwa ta ƙasa ya fito ta sama, ya bi hanyar da ba ita ya saba bi ba, don dattin da ya kwanta ya tashi. Daga nan a koma waje. Ƙurar hunturu, da fara, da kwari, da ƙaiƙayi duk sun toshe ƙananan ramukan da iska ke bi. Ta ɓangaren inji ake watsa ruwan ya fita ta gaba, a hankali, don siraran fukafukan nan da yatsa ma ana iya lanƙwasa su.

In duk wannan bai yi ba, sai a sauke lagireton ɗungurungum, kuma wannan ne aikin da na fi son kallo. Lagireton wancan zamani na jan ƙarfe ne da tagulla, an haɗa shi da dalma. Baba zai kunna wuta ya bi gefen tankin sama, dalma na narkewa tana ɗiga kamar hawaye, har tankin ya rabu. Sai ga bakunan bututu a jere, da yawansu sun toshe da wani farin abu mai tauri. Zai ɗauki siririn ƙarfe mai faɗi ya riƙa zurawa ɗaya bayan ɗaya, yaro na zuba ruwa. Bututun da ya huje ta yadda ba zai liƙu ba, sai a toshe shi sama da ƙasa a haƙura da shi. A mayar da tanki, a bi da dalma, a toshe bakuna, a tsoma cikin rabin duro na ruwa a hura iska. Inda kumfa ta fito, nan aiki ya rage. Lagireto ɗaya yakan yi wa mota shekara goma sha biyar ana buɗe shi ana mayarwa.

Wannan farin abu mai tauri, mu ne muke zuba shi da hannunmu. Butar da nake kawo wa Kawu kowace safiya daga rijiyar gidanmu nake cika ta. Duk wanda ya taɓa leƙa gindin butar mai shayi ya ga farin ɓawon da ke kamawa, to shi ne. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da gishirin ƙasa da ido ba ya gani. Zafi ya kwantar da shi a jikin ƙarfe, a ƙara sabon ruwa gobe, ya sake kwantawa. Ɓawon ya ƙuntata bututu, ya kuma shiga tsakanin ƙarfe da ruwa kamar bargo, zafi ya kasa wucewa. Ga kuma tsatsa, domin jikin injin baƙin ƙarfe ne, kuma ruwa zalla ba abin da ke hana shi ci. A hanya ma ba a zaɓe. In allurar zafi ta hau, kowane rafi, kowane kududdufi, ruwa ne. Na ga Kawu yana tace ruwan tafki da hularsa. Akwai direbobin da ke tara ruwan sama a duro saboda mota kaɗai, ana yi musu kallon masu tsirfa, alhali su ne suka fi kowa kusa da daidai, don ruwan sama ba shi da wannan gishirin.

Dabarun hanya kuwa suna da yawa. Lagireto ya huje a daji, a murza sabulu a wurin. A fasa ɗanyen ƙwai a zuba, ya dahu a ciki ya toshe ramin. Wasu garin barkono, wasu garin taba. Duk suna kai mutum gari, wannan gaskiya ne. Amma abin da ya toshe rami shi ne yake toshe bututu, kuma Baba yakan gane ƙwai tun kafin ya gama ɗaga tanki.

Akwai abu ɗaya da har yau ban yarda da su Baba a kansa ba, duk da girman da nake ba su. Shi ne tamostat. Wani ɗan ƙarfe ne mai sifirin da ke zaune a bakin tiyon sama. Yana rufe hanya idan inji na da sanyi, don ya yi saurin ɗumi, ya buɗe idan zafi ya kai wajen digiri 80 zuwa 90. A garejinmu, da kusan kowane gareji da na sani, da mota ta fara zafi shi ake fara cirewa a jefar. Hujjar ita ce an yi shi ne don ƙasar Turawa mai ƙanƙara, mu nan rana ta ishe mu. Maganar tana da daɗin ji, shi ya sa ta yi tsawon rai. Amma inji ba sanyi yake so ba, zafi daidai yake so. Wanda ya taɓa barin Jos da asubar Disamba ya san cewa motar da ba ta da tamostat sai ta yi tafiya mai nisa allura na kwance. Duk wannan lokacin tana shan mai fiye da kima, baƙin mai bai saki jiki ba, ƙarfe na cin ƙarfe. Kuma abin da ya jawo zafin tun farko, toshewar lagireto ne ko fanbel da ya saki ko watafam da ya gaji, yana nan inda yake. Na fahimci dalilinsu. Tamostat kan maƙale a rufe, kuma in ya yi haka a tsakiyar daji inji ne zai tafi. Mutumin da abincin iyalinsa ke kan mota ɗaya ya gwammace asarar da ke zuwa a hankali da wadda ke zuwa rana ɗaya. Sai dai maganin tsohon tamostat sabo ne, kuma ko a lokacin ana samunsa a Ƙofar Ruwa da Panteka.

Murfi ma ba a ba shi haƙƙinsa ba. Ana ganinsa kamar marfin tulu, in ya ɓata a cusa tsumma. Alhali shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa da wuri. A bakin teku ruwa na tafasa a digiri 100. A Jos, da ke sama da mita 1,200, tun wajen 96 yake tafasa. Murfi mai lafiya yana ɗaga wannan iyaka sosai, a motocin yau har wajen 120. Motoci nawa suka tsaya suna huci a Hawan Kibo saboda robar murfi da ta tsage, aka ɗora laifin a kan tudu? A wannan fannin masu Volkswagen ƙirar kunkuru, da ake haɗawa a Legas a wancan lokaci, hankalinsu kwance yake, don injinta na baya iska ce ke sanyaya shi, ba ruwa ko ɗigo.

Cikawar ƙarshe Baba da kansa yake yi, ba ya bar wa yaro. Da mazurari, a hankali, kamar mai zuba man gyaɗa a kwalba. Yana zubawa yana sa yaro ya riƙa matsa tiyon ƙasa, kana jin ruwa na ƙugi a ciki. Zai ce wa Kawu, "Direba, buɗe hita." Mutane kan yi mamaki, hita a watan Maris? Amma ita ma wani ƙaramin lagireto ce a ƙarƙashin dashbod, in ba a buɗe ta ba iska za ta ɓuya a can. Sai a tayar da mota murfi a buɗe, kowa ya yi shiru ana kallon wuyan lagireto. Kumfa na fitowa ɗaya-ɗaya. Can sai ruwan ya faɗa ƙasa, a ƙara, ya sake faɗawa, a ƙara, har ya tsaya cak yana zagayawa. Iskar da ta maƙale a kan inji ba ta ɗaukar zafi, wurin da ta zauna sai ya gasu alhali allura na nuna lafiya. Ba a rufe murfi sai kumfa ta ƙare. Kuma ko an biya kuɗi an yi sallama, Baba zai biyo mu har bakin titi: "Gobe da safe ka sake dubawa kafin ka ɗau fasinja. Zai ragu."

Abubuwa sun fara juyawa bayan 1986, da darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci da direba. Sai motocin Kwatano suka shigo, Golf da Toyota da Honda, waɗanda suka gama rayuwa ɗaya a Turai. Sun zo da lagireton alminiyam mai tankin roba, da fankar lantarki da ke tashi da kanta, da wata 'yar jarka a gefe, da wani ruwa kore ko ja a ciki. Muka tarbe su da ilimin Fijo. Aka zubar da ruwan mai launi aka zuba na rijiya, aka cire tamostat, aka haɗa fanka dairek. Motocin kuwa ba su da haƙurin baƙin ƙarfe. Zafi ɗaya mai kyau ya isa ya lanƙwasa kan inji. Motar zamani kuma in kwamfutarta ta ga inji bai ɗumama ba, sai ta yi ta ƙara masa mai. Injuna da yawa sun mutu a shekarun nan, aka ce motocin ne ba su da ƙwari.

Ruwan nan mai launi an san shi a Turai da hana daskarewa, don in an gauraya shi rabi da rabi da ruwa sai sanyi ya kai kusan digiri 37 ƙasa da sifili kafin ya daskare. Wannan bai dame mu ba. Abin da ya dame mu shi ne magungunan hana tsatsa da ke cikinsa, da ɗan ƙarin da yake yi wa iyakar tafasa. Magungunan nan suna ƙarewa, shi ya sa ake canza shi bayan shekara biyu a tsohon nau'i, ko wajen biyar a sabo. Launi kuma rini ne kawai, bai isa shaida ba, ga kasuwa cike da ruwan famfo da aka rina aka zuba a galan. Wani abin da ke tayar mini da hankali shi ne yadda ake zubar da shi. Ruwan Baba tsatsa ce da laka, in ya kwarara ƙarƙashin darbejiya ƙasa ta shanye, shi ke nan. Wannan kuwa guba ne mai zaƙi, yana kashe ƙoda. Awaki da kaji da karnuka na lasarsa, kuma na sha ganin ragowarsa a gorar lemo, a gidan da yara ke rarrafe.

Baba ya rasu da daɗewa. Wurin da garejinsa yake yanzu shaguna ne. Masu lagireto suna nan, amma aikin ya koma ɗaga haƙoran alminiyam a canza tankin roba, ko a shafa gam, ko a ce wa mutum ya je ya sayo wani. Dalma ta koma wurin masu manyan motoci da injinan ban ruwa.

Kawu ya bar tuƙi, idonsa ya yi rauni. Bara na je ɗaukarsa zuwa ɗaurin aure a Zariya. Na fito da shi a hankali, na buɗe masa ƙofar gaba, ya ƙi shiga.

"Ka duba ruwa?"

"Kawu, wannan ba a buɗe ta kullum. Watan jiya aka canza."

"Ɗaga in gani."

Na ɗaga bonet na nuna masa 'yar jarkar, da layi biyun da ke jikinta, da jan ruwan da ke tsakaninsu. Ya sunkuya har hularsa na taɓa ƙarfe, bai gani ba. Sai ya laluba ya kama tiyon sama ya matsa, ya saki, ya sake matsawa, kunnensa a karkace. Ruwa ya yi ƙugi a cikin jarkar. Ya goge hannunsa a gefen babbar riga, ya zagaya ya shiga mota.